Shekarar da Na Kwance Tarkon Yaya

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ruwa bai ɗauke a Guangzhou ba. Bangon ɗakina tsattsafo yake yi, rigar da na shanya tun ranar Talata har yanzu da danshinta, ta fara wani wari irin na tsohon buhu. In ka sauko daga benen Tianxiu, inda nake da ɗan ofishina na tura kaya, iskar da za ta tare ka a bakin ƙofa ɗumi gare ta kamar tururin tukunyar dambu. 'Yan Kano masu zuwa sari sai ƙorafi suke yi. Ni kuwa, tsakani da Allah, daɗinta nake ji, don ni ɗan kurmi ne. A irin wannan laimar aka haife ni, can ƙasar Gashaka, a gindin duwatsu.

Shekaranjiya na raka Alhaji Ilya, wani baƙona mutumin Maraɗi, wajen Liuhua neman kayan babur. Wayar birki yake so, katan-katan. Shagon farko lawban, wato mai shagon, ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu, na biyu ma meyo, sai a na uku aka fito mana da samfur. Alhaji ya miƙo mini ya ce, "Malam Habu, duba mini ingancinta, kai ka san kan abin nan." Na zare wayar daga rigarta ta roba, ina jujjuya ta, ban san lokacin da yatsuna suka yi mata zarge ba.

Ya ce, "A'a, ka taɓa farauta ne?"

Na ce ban taɓa ba, amma na taɓa kwance irin wannan zargen guda goma sha huɗu a wuni ɗaya, kuma saura kaɗan in kashe gidanmu da yunwa. Ruwa ya riga ya tsare mu a bakin shagon, lawban ya turo mana kujerun roba da shayinsu marar sukari, sai na ba shi labarin.

Shekarar nan ina da ashirin da biyu a duniya. Babanmu ya rasu da shekara uku, gida yana hannun yayana Garba. Sai Inna mahaifiyarmu, sai Lami matar Yaya da tsohon ciki. Daminar da ta gabata kogi ya cika ya kwashe dawar fadama, abin da aka samu a tudu kuma bai taka kara ya karya ba. Kafin a gama noman firi rumbunmu ya zama ɗakin ɓeraye. Inna takan shiga da ƙwarya ta fito da abin da bai rufe gindinta ba. Da safe kunu ne tsararo. Da rana kowa ya ji da kansa, ko ɗanyen rogo, ko ɓaure in ka dace. Da yamma a yi faten tafasa ko rama, a barbaɗa ɗan tsaki don dai a ce an sa hatsi. Mu ci, mu kora da ruwa, mu yi hamdala, ciki yana ƙugi muna yi masa kunnen uwar shegu.

Idonmu duka yana kan abu guda, masarar Yaya. Gona ce a bakin kurmi, ƙasa baƙa mai kyau, ya shuka iri mai saurin nuna tun ruwan fari. In ta kai, mun tsira har kaka. In ba ta kai ba, babu wanda ya san abin da za a yi, ga Lami ta kusa haihuwa.

Ni a lokacin ba na cikin masu riƙe fartanya. Na gama sakandare, masu kula da gandun dajin da ke maƙwabtaka da mu suka ɗauke ni in riƙa zaga ƙauyuka ina wayar wa mutane kai a kan biri mai ganga. Alhaji Ilya bai san shi ba, sai da na kwatanta masa. Baƙin biri ne babba, ba shi da wutsiya, tafin hannunsa da zane irin namu. Ana ce masa mai ganga ne saboda yakan sami bishiya mai faffaɗar saiwa ya riƙa dukanta da hannu da ƙafa, sai ka ji kiɗi yana tashi daga cikin kurmi. An koya mana cewa sun kusa ƙarewa, kuma macen takan daɗe ƙwarai kafin ta sake haihuwa, don haka rasa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Aka ba ni rigar ruwa ruwan ɗorawa, da takalmin roba har gwiwa, da wani ƙaton hoto da nake naɗewa kamar tabarma. Wallahi yadda nake ji da kaina a lokacin, ko gwamna albarka.

Ranar kasuwar garinmu na rataye hoton a jikin mangwaro. Kasuwar ma sunanta kasuwa, daga mai gishiri sai mai kanwa sai masu zaman jiran tsammani. Na gyara murya na fara: kada ku harbe shi, kada ku ci namansa, kada ku kama ɗansa ku sayar. Ban kai ƙarshe ba Sarkin Noma, dattijon da ke shugabantar manoman garin, ya ɗaga sandarsa.

"Kai ɗan marigayi, a gidan wa ka ga an dafa biri? Mu da muke sallah?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai birai sun yi lauya, tun daga ranar kuwa sunan ya bi ni, Lauyan Birai. Na naɗe hotona raina a ɓace, ina cewa a zuci mutanen nan jahilci ya yi musu katutu.

Gaskiyar dattijon ce, babu mai farautarsu a garinmu. Abin da ke cin su waya ce. Aladen daji ya addabi gonakin bakin kurmi, kowa sai ya nemi tsohuwar wayar birki ya yi zarge ya ɗana a kan turbar da suke fitowa. To turbar ba ta alade kaɗai ba ce. Biri mai ganga da bayan yatsunsa yake takawa, in ya jefa hannu a zargen sai ya fizga, wayar ta ƙara shiga, tun yana ja har ya tsinke ta ya tafi da ita a wuyan hannu. Daga nan hannun ya mutu, wani lokacin har da mai hannun.

Na sami Yaya yana wasa gatari na ce, "Yaya, wayoyin nan naka fa."

"Na alade ne."

"Ai ba alade kaɗai suke kamawa ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Habu, in na cire su, me Lami za ta ci? Hoton naka?"

Maganar ta yi mini zafi, ga ƙuruciya, ga ɗan boko a ka. Ranar Laraba da ya tafi gayya gonar wani, na sa takalmina na bi bakin kurmin ina laluben turaku. Goma sha huɗu na kwance, na dunƙule su na jefa a gurbi mai zurfi a kogi. Na dawo gida ina fito.

Kwana ɗaya tak aladun suka ba ni. Da safe wata mata mai zuwa itace ta leƙo ta ce Garba ya je ya ga gonarsa. Na bi shi a baya. Ana yayyafi, wurin yana warin alade da ɗanyar ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masarar yana kwance, an tumɓuke wata, an tattake wata, ƙasar duk an birkice ta, ruwa ya taru a sawun kofato. Yaya ya zaga ya duba turakunsa ɗaya bayan ɗaya, babu waya. Sai ya tsaya a kan wani sawu a laka, mai zane-zane, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Duk garin nan mutum ɗaya ne mai wannan takalmin."

Na so ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba, ya sunkuya ya shiga tayar da karan da bai karye ba yana tara musu ƙasa. Da yamma Inna ta zuba mini fate daidai yadda ta saba, ba ta rage ko cokali ba. Na kasa ci don kunya. Ta ce, "Ci, ɗannan. In ka bar shi ba zai koma gona ya tsiro ba."

Akwai abu ɗaya da na taɓa ji a wurin horo ban riƙe shi da muhimmanci ba, wai alade ba ya tsallake rami mai zurfi in bakinsa a tsaye yake. Na gaya wa Inna, ita ta gaya wa Yaya, don ya daina yi mini magana. Ya riga ya koma bukkar gona da zama yana gadi yana buga tsohuwar garwa, ya kuma ba da kazarsa an ba shi sabuwar waya. Amsar da Inna ta kawo mini ita ce, "Ya ce a gaya wa lauya, in masara ta fitar da gemu bai ga ramin ba, zai mayar da waya, har ya ƙara." Gadi ba zai yiwu har abada ba, mutum ɗaya ne kuma da yunwa. Abin da ya rage bai fi mako biyu ba, gefen gonar da ke kallon kurmi kuwa ko wata biyu na yi ni kaɗai ba zan haƙe shi ba.

Sai na nemi goro biyar na tafi wurin Sarkin Noma in kira gayya. Ya dubi goron bai taɓa ba.

"A gonar wa ka sunkuya bana?"

Na ce ina aikin gandun daji.

"Bara fa?"

Na ce ina makaranta.

"To ɗauki goronka. A garin nan wanda bai je gayyar mutane ba, ba a zuwa tasa, ko ɗan sarki ne. Ubanka bai taɓa fashin ko ɗaya ba. Gobe akwai maimai a gonar Tanko, in kana da baya."

A garin aka haife ni, amma sai da aka gaya mini wannan kamar baƙo. Washegari na rataye rigar ruwa da takalmin, na ciro fartanyar Baba daga bayan rumbu, na tafi ƙafa a ƙasa.

Gona shida na yi a kwana tara, kuma har in mutu ba zan manta su ba. Da hantsi rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa fitar da tururi, gumi yana shiga ido. Kafin azahar hadari ya taso daga kan duwatsu, ruwa ya sauko a gadon bayanka, ba mai ɗagowa. Tsando ya cije ka ta cikin riga, matsattsaku su manne a tsakanin yatsun ƙafa ba ka sani ba sai ka ga jini. Tafin hannuna ya yi bororo ranar farko, ya fashe rana ta biyu, rana ta uku na naɗe shi da tsumma. In an jera a kunya, kowa ya kai ƙarshe ya juyo ni ina tsakiya, jiri yana ɗibata. Samari su ce, "Lauya, ko a ɗage shari'ar ne?" Ba ni da numfashin ramawa.

Wannan rashin numfashin shi ya yi mini rana. In an zauna shan kunu a gindin bishiya, gajiya ba ta barina in yi wa kowa lacca, sai su su ja ni da zancen birai don tsokana, zance kuma ya zarce. Tanko mai cin zuma ya ce shi 'yan sandunan da biran suke fiƙewa su bari a gindin bishiya yake bi, duk inda ya gan su akwai zuma a wurin. Wata tsohuwa cikin masu kawo kunu ta ce shekararta arba'in tana noma a bakin kurmi, mai ganga bai taɓa karya mata goyo ɗaya ba, ɓarnar ta bika ce da alade. Wani ya ce masu ganga kullum sabon gado suke yi a kan bishiya, ba sa komawa na jiya, sun fi wasu samarin garin nan tsabta. Sarkin Noma ya ce ubansa ya hana a ɗaga musu bindiga tun ranar da wata ta miƙo masa tafin hannu. Abin da na ji a gindin bishiyoyin nan ya fi wanda aka koya mini yawa. Ni dai abu ɗaya na ƙara, a gona ta biyar, a hankali, na faɗi yadda waya ke yi wa hannunsu. Duk wanda ke wurin kuwa yana da waya a bakin gonarsa.

Alhaji Ilya ya kurɓi shayi ya ce, "Dakor, haka ne, ai ko mu a Maraɗi haka gayya take." Na ce masa yanzu in ina son a loda kwantena a Huangpu saƙo ɗaya nake turawa, mutanen da ban san sunansu ba su gama cikin awa biyu, babu mai tambayata a gonar wa na sunkuya. Kuma ba zan yi ƙarya ba, bayana yana godiya.

Ranar da na gama ta shida, Sarkin Noma ya ce in kawo goron. Saura abincin gayya, don ba a tara mutane a sallame su da baki busasshe. Ina tunanin inda zan nufa sai Inna ta taka turmi ta zaro wani damin dawa daga cikin rufin ɗakinta. Na san shi, na kunun jegon Lami ne, tun kaka ta ɓoye. Na ce, "Inna, ban da wannan." Ta ce, "Ka riga ka ɓata, bari a gyara." Lami da kanta ta zauna ta sussuke shi, da cikin nata, ba ta ce mini komai ba sai sannu da hannu.

Ranar gayyar da ruwa gari ya waye. Kan masarar ya fito, gemu ne kawai ya rage. Na tsaya a bakin gona da diga, ni kaɗai, ina cewa shi ke nan na cinye dawar mai jego a banza. Can sai na jiyo gangar noma daga wajen gari. Suka ɓullo a jere cikin ruwan, da diga da shebur da garma, sun fi talatin, mata a baya da ƙore a ka. Na juya baya na share idona kada samarin nan su samu na faɗa.

Baƙar ƙasar ba wuya, amma ƙarƙashinta jan yumɓu ne mai kama diga. Muna haƙa ruwa yana cika ramin, mata suna kwarfewa da ƙwarya. Zurfin sai ya kai ƙugu, ƙasar da aka fitar a tara ta a ɓangaren gona, a kafa ƙaya a kai. Makaɗi yana bin mu yana kiran sunan kowa da na ubansa, har ni ya kira, da sunana na gaskiya. Wajen azahar ruwa ya tsagaita, yana cikin kiɗa sai muka ji an amsa daga cikin kurmi, dum-dum-dum, sannan ihu ya biyo baya, wasu suka karɓa daga can nesa. Makaɗi ya tsaya da gula a sama. Sarkin Noma ya ce, "Ga abokin sana'arka can yana gaishe ka, ka amsa mana." Ya amsa kuwa, aka yi ta dariya ana haƙa. Yaya yana can ƙarshen layi, shi ya fi kowa zurfi, bai dubi inda nake ba.

Ba mu gama ranar ba. Washegari babu sauran kunu, amma mutum goma sha wani abu suka dawo, kowa da guntun rogonsa a aljihu, muka ƙarasa. Da safe na je na tarar da sawun aladu sun zo har bakin ramin, sun bi shi daga wannan kai zuwa wancan, sun koma. Kwana uku bayan nan masara ta fitar da gemu.

Abin da ya tsira ya ishe mu, ba da yalwa ba, amma ya isa. A makon da aka fara karya ɗanya Lami ta haifi 'ya mace, da masarar aka yi mata kunun jego. Na ci abinci a manyan otal na garin nan, har wanda ake juya tebur, ban taɓa jin daɗin da na ji a gasasshiyar masarar farko ta shekarar nan ba, tana ƙona yatsa, ruwanta yana fashewa a baki. Kafin kaka gonaki huɗu na bakin kurmi sun kira gayyar rami, na je kowacce. Yaya dai tsakanina da shi ina kwana, lafiya lau.

Ruwa ya fara sauƙi, Alhaji Ilya ya miƙe zai koma ciniki. Na ce ya zauna, saura kaɗan.

Bayan nan masu kula da gandun daji suka tura ni wani ƙauye a hayin kogi, inda waya ta fi ta garinmu yawa. Da sassafe na fito sai na ga Yaya a ƙofar gida da diga biyu, ya miƙo mini ɗaya ya wuce gaba. Muka yi tafiya mai nisa. Sai da muka haye kogin, yana matse bakin wandonsa, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Lokacin da nake gadi, wata safiya na gan su a ɓauren bakin rafi. Akwai mace da ɗa a manne a cikinta. Da hannu ɗaya take hawa, ɗayan ya bushe yana reto, wayar tana nan a jiki." Ya saki bakin wandon. "Da shuɗin ƙyalle a gindin zargen. Ni nake ɗaura shuɗin ƙyalle don in gane nawa. Na bara ne, Habu. Na zaci alade ne ya tsinke ya gudu da ita."



Ya ce, "Kada ka ɗauka wani abu. Da ramin nan bai yiwu ba, da na mayar da wayar, ko da na gan ta. Lami ce a gabana."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Mun tarar ana gayyar girbin masara a ƙauyen, muka ajiye diga muka shiga cikinsu, muka yi ta karya har rana ta take. Da aka zauna shan kunu na yunƙura zan tashi, sai ya dafa mini gwiwa.

"Zauna. Kai ba ka iya ba."

Ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya yi sallama aka amsa. Ya ce, "Sunana Garba, manomi ne ni kamarku, gonata a bakin kurmi take. Akwai wata uwa a dajinmu da ke rainon ɗanta da hannu ɗaya. Ni na cire mata ɗayan."

Masu shan kunu suka ajiye ludayi.